Kati mai giga takwas zai dawo min da ƙanena?

Assalamu alaikum Anti Huseina. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da tambayar tawa za ta zo miki wani iri. Na san a filinki an fi kawo maganar aure da zaman gida, ni kuwa tawa maganar wani ɗan ƙarfe ce da ake sakawa a cikin kwamfuta. Na sha fara rubutun nan ina gogewa, don ina jin kunyar a ce mace da 'ya'yanta ta zauna tana hawaye a kan wasan gem. Amma wallahi abin ya hana ni sukuni.

Ni 'yar Haɗeja ce, sana'ata turara shinkafa ina kaiwa kasuwa. Mu biyu Innarmu ta haifa, ni da ƙanena Misbahu, mahaifinmu kuma ya jima da rasuwa. Misbahu yaro ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Da safe yana jan Keke mai ƙafa uku na haya tsakanin Haɗeja da Malam Madori, da yamma yana filin ƙwallo. Duk unguwarmu an san gudunsa. Shekarun baya wata motar buhuna ta ƙwace ta haɗa da Kekensa a hanya. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma lakar bayansa ta taɓu. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Ba zan iya ba ki labarin shekarar farko ba. Ya daina magana, ya daina karɓar baƙi, abinci ma sai Inna ta yi ta roƙo. Lungunmu kuma kin san irin na bakin fadama, da damina ta sauka ruwa yake kwanciya, keken guragu ba ya wucewa. Sai ya yi watanni bai ga titi ba.

Abokansa biyu ne suka ceto shi, Abba da Yunusa, tare suka taso suna buga ƙwallo. Kafin Abba ya tafi karatu Zariya, Yunusa kuma ya tafi neman kuɗi Legas, sun tattaro kayan hannu sun haɗa masa kwamfuta, muka sa masa ɗan sola. Suka saka masa wani gem da ake haɗa ƙungiya ta intanet, kowa yana garinsu amma suna magana da juna suna wasa tare. Ranar da na shigo gidanmu na ji Misbahu yana ƙyaƙyata dariya yana ihu, "Abba, ta hagunka, ta hagunka!" sai da na ajiye kwanon hannuna na jingina da bango. Na manta yadda dariyarsa take. Tun daga nan duk la'asar sai sun haɗu. Ya koma cin abinci, ya koma tsokanar 'yata Amira, har gashin ƙashi da yake ƙin zuwa asibiti ya yarda ana kai shi.

To bana masu gem ɗin suka sabunta shi, ya ƙara nauyi. Kwamfutar Misbahu ta fara gazawa. Ni ban san kan abin ba, amma ina gani da idona. Hoton sai ya riƙa tsayawa yana fisga, fuskokin mutanen ciki su dame kamar an shafa laka, wani lokacin ma ya fitar da shi gaba ɗaya ana tsakiyar wasa. Ya yi min bayani cewa akwai katin hoto a ciki, wanda masu shago ke kira girafik kad, kuma shi katin yana da ma'ajiyarsa ta kansa, wadda ake auna girmanta da giga. Nasa giga huɗu ne, gem ɗin kuma yanzu ya fi ƙarfinsa. Saboda shi ake ta cinye ƙungiyarsu. Ina jin yana ta ba su haƙuri, suna cewa ba komai.

Wata rana ina ɗakin ina ninke masa kaya, muryoyinsu na fitowa ta sifika. Hoton ya sake tsayawa, aka cinye su. Sai Yunusa ya ce cikin zafi, "Haba Misbahu, kai ko a gem ma ba ka iya gudu?" Anti, na san suɓutar baki ce, don nan take na ji yana cewa, "Wallahi ba haka nake nufi ba, ɗan'uwa." Misbahu ya kashe kwamfutar, ya ce in miƙo masa zanen Inna, ya lulluɓe ta. Har yau tana nan a lulluɓe. Yunusa ya yi ta kira bai ɗauka ba, Abba ma haka, yanzu kiran ya ja baya. Ƙanena ya koma kallon bango. Makon jiya ya ce da Inna ta daina wahalar da kanta a kan gashin nan, tunda ba inda za shi.

Da na kai shinkafa Kano sai na shiga kasuwar masu kwamfuta da sunan gem ɗin a wayata. Mai shago na farko ya nuna min kati mai giga takwas, ya ce shi ne na talaka, kuma zai ɗauki gem ɗin lafiya lau. Na shiga shago na biyu, shi kuma ya ce kada in kuskura, giga takwas zamaninsa ya wuce, nan da ɗan lokaci za mu koma inda muka fito, in nemi mai sha biyu ko sha shida. Da ya faɗi kuɗinsa sai na yi masa godiya na fito. Na tsaya a bakin titi ban san wanda zan yarda da shi ba.

Abin da na tara daga cinikin rani zai iya sayen mai takwas ɗin, amma da kuɗin nake biyan gashin ƙashinsa da motar kai shi. Maigidana, baban Amira, mutumin kirki ne, shi yake ɗaukar Misbahu ya sa a mota. Ya ce ba zai hana ni ba tunda gumina ne, amma a ganinsa rashin hankali ne a taɓa kuɗin magani a sayi abin wasa. Inna kuma ta ce ita dama gem ɗin bai kwanta mata ba, yana sa shi jinkirta sallar magariba, wataƙila Allah ne ya raba shi da shi. Ban ga ƙarya a maganarsu ba. Amma ni na ji dariyar nan, kuma na ga yadda ta ɗauke.

Tsorona biyu ne. In na sayi mai arahar ya sake tsayawa a gaban abokansa, ban san abin da zai rage masa ba. In kuma na bar shi, ina ganin yana komawa shekarar farko a kan idona. Anti, giga takwas zai isa? Ko ni ce nake yaudarar kaina?

Taki,
Yayar Misbahu, Haɗeja

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki daina jin kunya. Ba a kan wasa kike kuka ba, a kan ƙanenki kike, kuma tambayarki tana da amsa. Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, don haka na kai wasiƙarki wajen masu haɗa irin waɗannan na'urori, na zauna suka fahimtar da ni. Ga abin da na samo.

Masu shagon nan biyu kowa ya faɗi rabin gaskiya. Ma'ajiyar katin ita ke riƙe zanen da gem ke nunawa a lokacin da ake wasa. In ta cika, hoto ya fara fisga yana damewa, kamar yadda kika gani. Giga huɗu ya yi kaɗan ga yawancin sababbin gem masu nauyi. Giga takwas kuwa yana ɗaukar akasarinsu a kan sikirin, wato allon kwamfuta, na gida irin wanda aka saba, muddin an rage ƙawar hoton zuwa matsakaici. Inda yake gazawa shi ne in an ce sai an ƙure ƙawar, ko an haɗa shi da babban sikirin mai tsananin kyau, ko a wasu manyan gem na baya-bayan nan. Mai sha biyu zai fi daɗewa, wannan gaskiya ne. Amma Misbahu ba gasar kyan hoto yake ba, so yake ya yi wasa da abokansa ba tare da ya tsaya ba. In dai gem ɗin nasu ba ya cikin waɗancan manya, mai takwas zai yi masa.

Kafin ki fitar da ko sisi, a yi abu uku. A duba abin da masu gem ɗin suka rubuta cewa yana bukata, suna wallafa shi kyauta, kuma Abba zai gano shi cikin sauƙi. A buɗe kwamfutar a share ƙura, a rage ƙawar hoton zuwa ƙasa a gwada, domin zafin Haɗeja da raunin netwok su ma suna sa gem tsayawa, kuma sabon kati ba ya maganinsu. Sannan a tabbatar wutar cikin kwamfutar da solarku za su iya ɗaukar sabon katin. In an zo saye, a gwada shi da gem ɗin a gabanku, musamman in na hannu ne, a kuma nemi a karɓi tsohon a rage muku.

Yanzu maganar gida. Maigidanki ya yi gaskiya, kada ki taɓa kuɗin gashi. Wannan ba na sasantawa ba ne. Amma ki nuna masa a hankali cewa lokacin da Misbahu ke wasan nan ne ya yarda da zuwa asibiti, da ya daina kuma ya fara ƙi. Abin da ke sa majinyaci son rayuwa yana cikin magani. Inna ma tana da hujja, kuma gyaranta mai sauƙi ne: in an kira salla a ajiye wasa, abokan ma su san da haka. Katin kuwa ba dole ki ɗauke shi ke kaɗai ba. Waɗanda suka haɗa kwamfutar da farko suna nan da ransu, ki bar su su sa hannu, ko da za a ɗan jira.

Sai dai ki saurare ni a nan. Ba katin ne ya sa ya lulluɓe kwamfutar ba. Ya daɗe yana fama da tsayawar hoto yana ba da haƙuri yana ci gaba. Maganar Yunusa ce ta karya shi, kuma ko kin kawo kati mafi tsada a Kano ba zai goge ta ba. Ki kira Yunusa da kanki. Ina kyautata zaton kunya ce ta sa kiransa ya ja baya, yana can yana cin kansa. Ki gaya masa halin da abokinsa ke ciki ba tare da zagi ba. In zai iya zuwa ya zo, ya zauna a gabansa ya nemi gafara baki da baki. In ba zai iya ba, ya aiko da saƙon murya, ya kuma ci gaba da aikowa ko ba a amsa ba. Abba ma ya dawo da kira, ko ba maganar gem.

Kada kuma ki sayo katin a ɓoye don ki ba shi mamaki. Tun bayan haɗarin nan komai yanke masa ake yi, ana ɗaga shi ana ajiye shi. Wannan fanni ne da ya fi ku sani duka. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Misbahu, an ce min takwas, an ce min sha biyu, na rasa gane kansu, kai me ka gani?" Ko bai amsa ranar ba, ki sake tambaya wata rana. Shi zai zaɓa, shi kuma zai yaye zanen da hannunsa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa. Maganar da ya yi wa Inna cewa ba inda za shi, da kallon bangon nan, kada ku ɗauke su fushi kawai. Ki gaya wa likitan da ke duba shi a zuwanku na gaba, ki faɗa masa yadda shekarar farko ta kasance. Ciwon damuwa ciwo ne, ana kuma maganinsa. Kafin nan kada a riƙa barinsa shi kaɗai tsawon yini, ki riƙa tura masa Amira ta dame shi da surutu.

Ba zan yi miki alkawarin cewa kati zai mayar da komai yadda yake ba. Amma ƙanenki ya taɓa fitowa daga wannan hali, kuma mutane ne suka fito da shi, kina cikinsu. Allah ya ba Misbahu lafiya da sauƙin zuciya, ya daidaita shi da abokansa, ya sa albarka a cinikinki. Ki gaishe min da Inna, ki ce ina yi mata sannu da jinya.

Anti Huseina