Manja a Cikin Makara

Malam Idirisu, assalamu alaikum. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka hanzarta, domin Litinin mai zuwa wani dattijo zai je ya rantse a kan ƙarya bai sani ba, kuma ni na jefa shi. Kada ka buga sunana. Shi ma dattijon zan kira shi Baba Jibirilla, ba sunansa na gaskiya ba ne.

Ni haifaffen New Bell ne, nan Duwala. Na yi boko, na yi aiki a wani biro, wato ofis, a Bonapriso, da farar riga da laktaye a wuya da komai. Da matsin tattalin arzikin nan ya zo aka rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Daga baya aka karya darajar sefa, ɗan abin da na ajiye ya zama ba komai. Ina da mata da yara. Ba uzuri nake kawowa ba, ina dai faɗa maka yadda nake ne.

Baba Jibirilla yana da wata tsohuwar akori-kura, ita ce motar gawa ta unguwarmu. Tun ina yaro ita ke ɗaukar mamatanmu, bai taɓa karɓar ko sisi ba, har mai shi yake zubawa. Makara tana ɗaure a bayanta kullum, an lulluɓe ta da koren ƙyalle. Da idonsa ya yi rauni, ya ga ina zaune ba aiki, sai ya danƙa mini makulli a gaban masallaci, ya ce ya yarda da ni saboda ya san mahaifina. Wallahi ranar har ƙwalla na yi.

To akwai wata al'ada a shingen karɓar kuɗin hanya, feyaj ɗin da ke can bayan gari. Ba doka ba ce, mutunci ne kawai: in ma'aikatan suka hango makara a lulluɓe, sai su ɗaga sanda a wuce, ba a biya ba a tambaya. Yawancinsu ma ba Musulmi ba ne.

Wata rana na kai gawar wani bawan Allah garinsu. A hanyar dawowa na ga manja da araha a bakin titi, na saya don mai ɗakina ta riƙa sayarwa a ƙofar gida. Hadari ya taso, ban da leda, sai na cusa jarkokin cikin makara na ja ƙyallen a kai. Na rantse maka ban yi niyyar komai ba, kuɗin shingen ma yana hannuna. Ina isowa ma'aikacin ya ɗaga sanda, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai. Ni kuma na mayar da kuɗin aljihu na wuce.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Ina! Sai abin ya zame mini sana'a. Ina ɗaukar motar ba da sanin Baba ba, in je in loda manja, in dawo. Kai, Malam, har fitila nake kunnawa da rana tsaka kamar yadda muke yi in da gawa, in ɓata fuska, in ɗaga musu hannu a hankali. Wani lokaci su yi mini ta'aziyya da Faransanci, in amsa. Kuɗin da nake gudun biya bai kai na farantin shinkafa biyu a Ndokoti ba. Abin kunyar ke nan.

Makon jiya asirina ya tonu. Wata jarka ta fashe ban sani ba. Na tsaya a layi a shingen, jan manja yana ɗiga daga ƙarƙashin makara yana bin titi. Wata mai tallan ayaba ta ƙwalla ihu wai gawa na zubar da jini. Kafin in ankara mutane sun kewaye ni, jandarmomi sun zo, aka yaye ƙyallen. Wasu suka fashe da dariya. Wanda ke cire mini hula bai yi dariya ba, kallona kawai ya yi ya juya. Aka ci tara mai nauyi da sunan mai mota, aka riƙe takardunta sai an biya.

Da na dawo sai na kasa faɗin gaskiya. Na ce wa Baba an kawo sabon shugaba a shingen, ya tsare ni a kan tikiti alhali makara ce kawai a motar, ina dawowa daga garejin wani abokina. Tsohon nan ya fusata, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce tunda ni na iya Faransanci in rubuta takardar koke a nemi a soke tarar, in rubuta cewa motarsa ba ta taɓa ɗaukar kayan kasuwa ba tun da ya saye ta. Zai dangwala hannu, ya kai ofishinsu da kansa ranar Litinin, kuma zai tafi da Alƙur'aninsa, in sun yi musu ya dafa. Yana ta ba ni haƙuri wai an wulaƙanta ni saboda shi. Jiya har abinci ya aiko mini.

Na rubuta takardar, Malam, kuma ta yi kyau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Wata zuciyar tana ce mini in bari ya kai, wataƙila su ga tsufansa su yafe, magana ta mutu. Ai unguwa na bukatar motar. Shekaranjiya da aka yi rasuwa sai haya aka yi, na ga yadda 'ya'yan mamacin ke bin mutane ana haɗa kuɗi, na kasa haɗa ido da su. Wata zuciyar kuma tana ce mini ni ba mutumin kirki ba ne. Abinci ba ya shiga, in na ta da salla sai in ga jan man nan a gabana. In na faɗa masa, da wane ido zan sake shiga masallacin unguwa? In ban faɗa ba, ya dafa Littafi saboda ni fa? Ya zan yi?

Ɗan New Bell da kunya ta hana shi sakat

*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Na karanta wasiƙarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, wajen mai tallan ayaba sai da na murmusa. Amma murmushin bai daɗe ba.

Bari in fara da abin da ke gefenka. Wanda aka sallama daga aiki a wannan zamani, ya tashi yana neman abin da iyalinsa za su ci, ba abin zargi ba ne, kuma sayar da manja sana'a ce ta halal. Karon farko ma zan iya cewa tuntuɓe ne. Amma fitilar da ka riƙa kunnawa da fuskar da ka riƙa ɓatawa, wannan shiri ne, kai ma ka sani. Abin da ka ci ba kuɗin shinge ba ne kawai. Ka ci amanar dattijo, ka kuma yi wasa da girmamawar da waɗanda ba addininku ɗaya ba suke yi wa mamatanku.

Takardar nan da ka ce ta yi kyau, yaga ta. Ko ta fuskar dabara ma ba za ta yi aiki ba. Mutane da yawa sun ga manjan nan da idonsu. In Baba ya je ya rantse, a gabansa za a kira waɗanda suka yaye ƙyallen, ya ji gaskiya daga bakin baƙi, a tsaye, da Alƙur'ani a hannu. Ka ga ka haɗa masa tara da tozarci.

Ka same shi a gida, shi kaɗai, ba a ƙofar masallaci ba. Ka faɗa masa duka, har da cewa ba sau ɗaya ba ne. Kada ka fara da labarin matsi, ya san da shi. Ka ajiye masa makullinsa ka bar shi ya yanke hukunci. Zai iya yin faɗa, zai iya yin shiru, kuma shirun zai fi zafi. Ka daure.

Bayan haka ka rubuta wata takardar da sunanka. Ka ce kai ne direba, mai motar bai san komai ba, ka amsa laifi. Ka roƙi a mayar da tarar kanka, a sassauta ko a bar ka ka biya kaɗan-kaɗan tunda ba ka da aiki, a kuma saki takardun saboda hidimar da motar ke yi wa jama'a. Ban san ƙa'idar ofishinsu dalla-dalla ba, kuma ba zan yi maka alkawarin za su amince ba, amma koken da ya fara da gaskiya ya fi samun mai saurare. Ka kai da ƙafarka. In ka je, ka nemi ma'aikatan shingen ka ba su haƙuri, ka roƙe su kada su daina ɗaga wa gawa sanda saboda abin da mutum ɗaya ya yi. Mai ɗakinka ma ta ji daga bakinka kafin ta ji a bakin famfo.

Ka tambaye ni da wane ido za ka shiga masallaci. Za a yi maganarka, babu shakka, wataƙila har a laƙaba maka suna. Wannan za ka iya ɗauka, kuma zai wuce. Abin da ba za ka iya ɗauka ba shi ne tsohon da bai taɓa cin kuɗin gawa ba ya yi rantsuwar ƙarya ta farko a rayuwarsa, kana tsaye a gefensa kana fassara masa. Kada ka jira Litinin. Ka ajiye jaridar nan ka tafi yanzu.

Allah ya ba ka ƙarfin buɗe baki, ya sanyaya zuciyar Baba, ya buɗa maka hanyar abinci mai albarka.

Malam Idirisu