Giyar Motar Sagir

Nassarawa, Kano
Ranar Litinin

Zuwa ga Alhajina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta daɗe ba ta ji muryarka ba. Yaya ƙarfin jiki? Yaya wuyan, yaya kuma baƙunta a Alƙahira? Aina'u ta ce likitoci sun hana ka magana har sai ɗinkin maƙogwaron ya kama, shi ya sa na koma wa biro da takarda kamar lokacin da kake karatu a Zariya ina gidanmu. Zan ɗauki hoton takardar in tura mata ta nuna maka. Allah ya ƙara sauƙi, ita kuma ya saka mata da alheri kan jinyar mahaifinta.

Mu nan lafiya lau. Damina ta kankama, hanyar Sharada ta koma tafki kamar kullum.

Ka ce in riƙa ba ka labarin kamfani ba tare da na rage komai ba. To labarin kamfani a yanzu labarin mota ne. Ranar Alhamis ina ɗaki na jiyo Sagir a falo da abokin nan nasa Abdulbaqi, ɗan masu kamfanin fata na Challawa, suna ta ɗaga murya a kan giya. Wannan ya ce tasa giyar ta fi daɗi, wancan ya ce a'a. Wallahi gabana ya faɗi, na fito ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Ashe giyar mota ce. Na gode wa Allah, amma da na zauna na saurare su sai na ga bambancin ba shi da yawa, domin ita ma ta ɗauke masa hankali.

Kai ka yi masa alkawarin mota in ya zauna ya riƙe maka kamfani har ka dawo. Na tabbata ba irin wannan ka nufa ba. Ya matsa mini sai da na bi shi Bompai wurin dillalin. Ja ce, kujera biyu rak, a kwance da ƙasa kamar an kife akushi. Kafin in shiga sai da na durƙusa, kafin in fito sai da aka kama hannuna. Guda biyu ne a wurin iri ɗaya. Ɗaya otomatik ce, ita ke sauya wa kanta giya. Ɗayar kuwa ta giyar hannu ce, mai kuloci. A tsakanin waɗannan biyun ɗanka ya maƙale tun kafin watan nan ya kama.

Da safe ya ce otomatik zai ɗauka, wai ta fi sauri kuma ta fi sauƙi a cunkoso. Da yamma ya ce ta hannu, wai ita ce mutum ke jin motar a jikinsa. Na dube shi na ce a raina, yaron da bai taɓa jin zafin ɗakin injina a jikinsa ba, shi ne zai ji mota. Yana zaune a kujerarka, na'urar sanyi na kaɗa shi, yana kallon Turawa a waya suna zagaya fili da motoci. An ce har taron manajoji ya tsayar ya tambaye su ra'ayinsu, dattawan da wasunsu suka goya shi. Su ma don rashin ta ido suka ba shi amsa.

Ga abin da ya sa ban bari sai gobe ba. Jiya Esta ta zo gida, shugabar masu aikin safe, 'yar Zonkwan nan da kake yabo. Ta ce ƙofar babban injin bokiti ta lalace. A da in an buɗe ta injin tsayawa yake, yanzu ko a buɗe take yana ci gaba da bugawa. Tana so a kashe shi har a kawo kayan gyara daga Legas, amma sai da sa hannun Sagir, shi kuma kullum sai ya ce ta dawo gobe. Na yi masa magana da kaina. Ya ce mini, "Hajiya, an gama," idonsa na kan waya.

Kada wannan ya tayar maka da hankali, zan sake bi. Ka ci abinci ko ba ka so. Ka gaishe mini da Aina'u.

Taka har kullum,
Bilkisu

Nassarawa, Kano
Ranar Laraba

Alhajina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na ga hoton da Aina'u ta turo kana zaune a bakin taga, ka rame amma idonka ya washe, alhamdu lillahi. Yaya haɗiyar abinci? Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Albishirinka, an yanke hukunci. Ɗanka ya zaɓi ta giyar hannu. Kada ka zaci wani tunani ya yi. Abdulbaqi ne ya faɗa a gaban abokansu cewa otomatik motar mata ce da tsofaffi, aka yi dariya, shi ke nan. Washegari ya buga wa dillali waya.

A bayan babbar mota aka kawo ta kamfani a Sharada, an lulluɓe ta kamar amarya. Ya ce wai ba ya so tayoyin su taka taɓo a rana ta farko. Ma'aikata suka fito kallo, aka sauke ta a gindin darbejiyar da kake ajiye taka. Kwana da kwanaki tana nan, kullum ana wanke ta, ba ta motsa ba. Shi kuma a tsohuwar motarsa yake zuwa, ya zagaya ta, ya ɗauki hoto, ya shige ofis.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya shigo ɗakina, ya sallami 'yan aiki, ya rufe ƙofa. Na ɗauka maganar aure ce. Ya yi ta sosa ƙeya, daga ƙarshe ya ce bai iya tuƙa mai kuloci ba. Bai taɓa ba. Duk gardamar nan da ya hana mu barci da ita, a kan abin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba ce. Ba zai tambayi direba ba don kada magana ta fita, ba zai tambayi Abdulbaqi ba don kada a yi masa dariya. Saura ni, mace kuma tsohuwa, wato irin waɗanda aka ce otomatik ce tasu.

Na yarda, don ba na so ya fita titi ya kashe ɗan wani. Ranar Lahadi da ba kowa a kamfani sai masu gadi muka je. Ka tuna yadda ka koya mini a tsohuwar Fijonka, a bayan Na'ibawa lokacin duk gonaki ne? Ka ce in saki kuloci a hankali, in saurari injin, shi zai gaya mini lokacin. Haka na gaya masa. Amma Sagir bai taɓa sauraron komai ba. Sai ya saki gaba ɗaya motar ta yi tsalle ta mutu, ko ya danne totur ta yi ta kururuwa ba ta je ko'ina ba. In ta mutu sai ya daki sitiyari ya ce laifin takalminsa ne. Ya cire takalmin, ya ce laifin kujera ne. Har warin ƙuna ya fara tashi. Da ƙyar ya zagaya harabar sau ɗaya ba ta mutu ba, nan take ya ce ya iya, ya isa haka. Na ce masa bai iya ba. Ya ce ni dai ba na taɓa yaba masa.

Na tambaye shi maganar injin a hanyarmu ta komawa. Ya ce ba za a kashe shi yanzu ba, akwai odar bokitai da za a kai Maraɗi, in an gama sai a duba. Na ce mahaifinka da ya kashe shi tun ranar farko. Ya ce zamani ya sauya. 

Ban so in shiga harkar kamfani ba tunda shi ka damƙa wa. Amma jibi zan je in ga injin nan da idona.

Ka huta sosai. Gidan ya yi mini girma ba ka nan.

Matarka,
Bilkisu

Nassarawa, Kano
Ranar Lahadi

Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, jiki kuma yana ta ƙara kyau. Na ce wa Aina'u kada ta nuna maka wannan sai ka ci abinci ka sha magani. Mu a gida lafiyarmu ƙalau, ka kwantar da hankalinka ta wannan ɓangaren. Amma abu ya faru a kamfani.

Ranar Juma'a da hantsi na je kamar yadda na ce. Ina tsaye da Esta a ƙofar ɗakin injina muka ji ihu. Daniel ne, mutumin Pankshin ɗin nan mai yawan dariya da ke kan babban injin. Bokiti ya maƙale, ya buɗe ƙofa ya sa hannu zai ciro, injin ya rufe a kan hannun. Ba zan kwatanta maka ba. Aka kashe wuta, aka ciro shi, Esta ta yage ɗankwalinta ta ɗaure masa damtse.

Aka nemi motar kamfani, babu. Sagir ya aike ta Bompai ɗauko rumfar da za a kafa wa jar motar don kada tsuntsaye su ɓata ta. Ni kuma direbana ya sauke ni ya wuce kasuwa. A ranar ne kuma ɗanka ya ga dama ya bar tsohuwar motarsa a gida, abokinsa ya kawo shi, don yana so ya fita da sabuwar bayan sallar Juma'a. Wato a duk harabar ba abin hawa sai ita.

Ya fito daga ofis da makulli a hannu. Aka kawo Daniel bakin mota, jini na zuba. Alhaji, a gaban ma'aikatanka, ɗanka ya ce a dakata a samo leda a shimfiɗa a kujera. Na ji da kunnena. Wani ya ruga ya kawo, aka shimfiɗa, aka zaunar da bawan Allah. Sagir ya tayar da mota, ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Duk tsallen da ta yi sai Daniel ya yi ƙara. Mutane sun yi cirko-cirko, ba mai iya cewa komai saboda ɗan mai gida ne.

Na buɗe ƙofar na ce, "Fito."

Ya ce, "Hajiya, bari in sake gwadawa, yanzu za ta tashi."

Na ce, "Fito, Sagir, kafin in sa a fito da kai."

Ya fito. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na cire takalmi, na shiga. Ban san yadda na durƙusa ba, gwiwar da ke damuna ban ji ta ba sai da daddare. Hanyar Sharada ka san ta. Duk ramin da muka faɗa sai cikin motar ya daki ƙasa, a wani tudun ma na ji wani abu ya ɓalle daga ƙarƙashi, ban waiwaya ba. Daniel yana ta kiran sunan Yesu, ina ta salati, yana ba ni haƙuri wai ya ɓata mini tufafi. Haka muka isa asibitin ƙashi.

An ceto hannun, amma yatsu biyu sun tafi, na tsakiya da manuni, kuma hannun dama ne. Likita ya ce sauran za su yi aiki in an yi haƙuri.

Jiya na je gidansa a Zawaciki. Matarsa Ladidi ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta yi ta godiya wai na ceci mijinta. 'Ya'yansu suna leƙe daga bayan labule. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan godiyar ba. Na gaya mata gaskiya, cewa an san injin ya lalace, kuma daga gidanmu aka ƙi gyarawa. Ba ta sake gode mini ba, kuma hakan ya fi mini.

Da na dawo na tarar da ɗanka a falo. Na zaci zai tambayi jikin Daniel, tunda ko asibitin bai leƙa ba. Ya ce ya yi tunani sosai a kan abin da ya faru, ya gane kuskurensa. Har zuciyata ta fara sanyi. Sai ya ce da otomatik ya ɗauka da duk wannan abin kunyar bai same shi ba, kuma ya yi magana da dillali ko za a musanya masa, sai dai an ce dole a fara gyara ƙarƙashin da na fasa.

Ban yi masa faɗa ba. Na miƙa hannu na ce ya ba ni makullan ofis. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya ajiye su a kan tebur.

Ka yafe mini, na yi abu ba da izininka ba. Na sa an kashe babban injin, odar Maraɗi ta jira ko ta tafi. Na gaya wa manajoji jinyar Daniel a kanmu take, aikinsa kuma yana nan ko da ba a kan inji ba. Gobe da safe ni zan zauna a kujerarka, kuma a nan za ka same ni. Na san burinka a kan yaron nan, na san shi kaɗai ne namiji, ni na haife shi. Amma akwai hannuwan mutane da yawa a cikin injinan nan, ba zan bar su a wurinsa ba.

In ka ga na yi daidai, ka sa hannu a ƙasan takarda Aina'u ta turo in nuna wa manajoji. In kuma ka ga ban yi ba, ka warke tukuna ka dawo ka faɗa mini da bakinka, zan saurara.

Allah ya ba ka lafiya, ya dawo mini da kai. Ka sa Daniel a addu'a.

Ni ce matarka,
Bilkisu