Allon Kafaɗar Sa

Yaya Habu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Yaya maiɗakinka da yara? Mu nan Gwarzo lafiya, sai tsada.

Maganar ƙaninmu Sani ce. Ya aro kaset ɗin tarihi, wai a zamanin da can, mutanen Sin kan yi rubutu a allon kafaɗar sa, su ƙona, su karanta tsagewar don yin duba. Jiya na tarar da irin ƙashin nan ƙarƙashin gadonsa, da zane kamar sawun kaza. Ya ce ɗalibansa na Kutama zai nuna wa.

Raina bai kwanta ba. Mahaucin da ya sayar masa da ƙashin ya fara surutu, kuma a zamanin Shari'ar nan bakin mutum ɗaya ya isa a kai mutum gaban alƙali da sunan tsafi. Sannan akwai hedimastansu da ke neman korarsa, Sani ya tambayi Inna ko ta san sunan mahaifiyar hedimastan.

Ka rubuto masa, yana jin maganarka. A gaida kowa, a sa mu a addu'a. In darasi ne, Yaya, me sunan uwar mutum yake yi a ciki?

Ƙanwarka,
Hadiza