Na ƙona kan dilan ɗana

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma a yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gumel. Don Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe.

Shekarar da aka rufe iyakar Maigatari abin ya faru. Kasuwar dabbobi ta yi sanyi, dillanci ya tsaya, ina zaune a gida. A nan na lura da ɗana na fari. Tela ne, ya haura ashirin, yana da i'ina mai tsanani, sai ya yi gumi kafin kalma ta fito. Da soso da yadi mai gashi ya ɗinka kan dila, babba, wanda mutum zai zura kansa a ciki. Uwarsa ta ce suna da ƙungiya a waya, kowa da dabbar da ya zaɓa, duk shekara suna zuwa taron masu zane a Kano su kama ɗaki guda a otal. Ɗakin otal? Me ɗan musulmi zai yi a ɗakin otal da kan dabba? Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, ta yaya zan zaunar da shi in tambaya? Na karɓi sunan otal ɗin a wurin uwarsa, na bi shi a motar baya.

Bayan la'asar na isa otal ɗin, aka nuna mini ɗakinsu, na tura ƙofar. Samari ne zaune a ƙasa, gurasa a faranti, ɗaya yana ɗinke kunnen zomo, sallaya a shimfiɗe a lungu. Mai kan dila yana tsakiya yana ba da labari, magana tana zuba ba gargada, suna ta dariya. Da wandonsa na gane shi. Wani ya ce, "Baba, ɗaki kuka ɓata? Bismillah, ga gurasa." Dilan ya yanke labarin ya juyo. Ban sani ba ko ana gani ta idanun nan. Na ce e, ɓata na yi, na ja ƙofa.

Ranar da ya tafi kai ɗinki Gagarawa na ɗauki kan na kai gona, na ƙona shi cikin karan gero. Wallahi ban ga laifi a ɗakin nan ba. Majalisar ƙofar masallaci na hango, ranar da hotonsa da kan dila zai fita a waya, a yi ta yi da ni. Soso baƙin hayaƙi yake yi. Na tsaya har ya zama toka, ban ji komai ba, har yau ma ban ji ba.

Da yaron ya dawo, bai tambayi kowa ba. Uwarsa ce ta ce, "Malam, ka ga kayan yaron nan?" Na ce, "Ni ne mai gadin tsummokaransa?" Bai ɗinka wani ba, bai koma Kano ba. Yanzu da sunkuyar da kai kawai yake gaishe ni.

Kwanan baya abokinsa ya kira wayar uwarsa, ina kusa ina ji. "Mama, Dila lafiya kuwa? Ɗakin nan ba mai ba mu dariya. Mun ajiye masa wurinsa."

Kan dilan ya tafi, abokan suna tafiya, da muryar da sau ɗaya na taɓa ji. Na sayo soso da yadi a kasuwa, suna ƙarƙashin gadona. Idan na miƙa masa, zai san ni ne. Idan na bari, taron bana ma zai wuce.

Me zan yi?