Kilomita Dubu Goma Zuwa Ɗakin Inna

Sabuwa, Litinin

Yaya Muttaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu? Ka san an yanke mana sabis tun watan jiya, shi ya sa na koma biro da takarda. Malam Rabo direba zai kai ta Zariya, a ɗauki hotonta a turo maka. Amsarka ma ta can za ta biyo, ya kawo mani.

Jikin Inna ya yi tsanani. Ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma cokali uku. Idonta kullum yana bakin ƙofa. Ka yi ƙoƙari ka zo.

Ƙanwarka,
Hajaratu

Kuala Lumpur, Alhamis

Hajaratu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo yau, na karanta ta fiye da sau goma, na kasa zama wuri ɗaya.

Ki ji ni da kyau. Ni ma ɗan gidan nan ne, na san yadda muke yi. Lokacin da Baba ya rasu a Mabai, ni na rubuta wa Kawu Yahya a Legas cewa jiki ya yi tsanani, alhali mun dawo daga maƙabarta. Ba a faɗa wa na nesa mutuwa sai ya iso, kada ya ruɗe a hanya. To ni kada ki yi mani haka.

Daga filin jirgin nan zuwa na Kano ya fi kilomita dubu goma. Babu jirgin da ke miƙewa kai tsaye, sai an sauka a canza, kwana guda cur tsakanin sama da ɗakin jira. Sannan Kano zuwa Funtuwa, sannan hanyar nan tamu da kika sani. Saura kwana goma sha biyu in kare digirina gaban malamai, aikin shekara huɗu. In tana da rai, wallahi zan watsar da komai in taho. In ta riga mu, in yi mata addu'a, in ƙarasa abin da ta turo ni yi. Kalma ɗaya nake so.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Muttaka

Kuala Lumpur, Lahadi

Hajaratu,

Salam. Shiru har yanzu. Na kira ɗan'uwanmu na Faskari, na kira na Ƙanƙara, duk a kashe. Jakata a ɗaure take tun ranar Alhamis. Jiya na je filin jirgi na tsaya gaban allon nan na tashin jirage, na ga na Doha ya tashi, na ga na Addis Ababa ya tashi, na dawo ɗaki kamar wawa. Ina tsoro, Hajaratu. Don Allah ki amsa.

Muttaka

Sabuwa, Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Takardunka biyu tare suka iso jiya, an tare hanya kwana uku, Malam Rabo bai samu wucewa ba.

Ka ce in faɗa maka gaskiya. Ban yi maka irin ta Kawu ba. Ranar da na rubuta tana da rai, ranar da ka karanta ma tana da rai, har ta sa aka share maka ɗaki. Shekaranjiya bayan azahar ta cika. Da ka taso ranar Alhamis, da kun yi kwana biyu tare.

Ka zauna ka kare digirinka. Allah Ya gafarta mata, Ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Hajaratu