Ni Na Juya Maɓallan, Yaya Sani

Zuwa ga Yaya Sani, duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali idan Allah ya ba ka su. Ban san inda kake ba, shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, ko wani zai karanta ya ce ai ya san tsohon nan. Ni ce Dije, autarku ta Ƙofar Dundaye. Jikoki gare ni yanzu, kada ka zo kana neman yarinyar da ka bari.

Akwai maganar da na riƙe tun zamanin soja, ta yi mini nauyi.

Ka tuna lokacin da kuɗin mai ya shigo, kowa ya haukace da saye-saye? Abokan aikinka na ma'aikatar siminti ta Kalambaina suka yi ta sayen babur, kai kuwa ka sa aka kawo maka akwati daga Legas. Sintasaiza ka ce sunansa. Gabansa farare da baƙaƙen haƙora kamar fiyano, samansa cike da maɓallan murɗawa irin na rediyo. Ba tsirkiya, ba fata, ba busa. Wutar lantarki kawai kake lanƙwasawa har ta yi kuka. Baba ya leƙo ɗakinka na zaure ya saurara, ya ce, "Wanga abu, ko dai aljani na ciki, ko ko mai shi ad da su." Abin da ya dame shi kada a ce ɗan mai sayar da tufafi ya zama maroƙi. Ka rantse masa kiɗan rok na Turawa ne, ba a wasa kowa a cikinsa. Bai yarda ba, amma bai hana ba.

Ku huɗu ne a ƙungiyar kiɗanku, kuna wasa a kulob ɗin ma'aikata ranar Asabar da la'asar, gashi buya-buya, wanduna na share ƙasa. Amininka Bitrus, mutumin Zuru, shi ke kaɗa jita. Kullum kuna musu. Shi yana cewa a rok jita ce mai gida, akwatinka baƙo ne da ya zo jiya yana neman ɗaga murya. Kai kana cewa jita ta faɗi duk abin da ta sani, saura a ji sabon baki. Ku gama ku ci tuwo kwano ɗaya.

Inna a ruga ta tashi, kuma ka san yadda take kwaikwayon sarewar makiyaya da bakinta idan tana tankaɗe. Bayan rasuwarta ka ɗauki bazara guda kana neman wannan muryar a cikin akwatin. Zafin Sakkwato yana karkatar masa da sauti, har sai da ka matsar da shi kusa da randa. Ranar da ka samu, ka kira ni daga madafa ka ce, "Dije, taho ki ji Inna." Na zo da ludayi a hannu, na tsaya ina ta kuka.

Abin da ba ka gaya mini ba, Yaya, shi ne akwatin ba ya riƙe komai a kansa. Inda maɓallan suka tsaya, nan muryar take.

Aka ce wani mai buga faifai zai zo daga Legas ranar Asabar ya saurare ku, kuma muryar Innar ce za ta buɗe waƙarku. Ranar Juma'a ka tafi masallaci, na shiga na share maka ɗaki don kada baƙo ya raina mu. Na goge akwatin tas. Sai na ga maɓallan kowanne ya kalli gabansa, abin ya tsone mini ido. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na miƙar, duk suka kalli sama, kamar yadda nake gyara wa amare jeren kwanoni. Har ina jiran ka yaba.

Da ka dawo ka gani, ba ka tambayi kowa ba. Bitrus na da mabuɗin ɗakin saboda jitarsa na ciki, kuma duniya ta san musunku. Ka ci kwalarsa a ƙofar gida ka kira shi mahassadi. Ina bayan ƙyaure ina ji, tsoro ya ɗaure mini harshe. Ka yi ta murɗe-murɗe har baƙon ya iso, ka sami abin da ya yi kama, amma ba ita ba ce. Mutumin ya sha lemonsa ya tafi. Bayan sallah ka ɗauki akwatinka ka bi shi Legas. Wasiƙa biyu muka samu, daga nan shiru. Baba ya rasu yana tambaya ko an ji ɗuriyarka.

Bitrus na nan unguwar Mabera. Ya yi gyaran rediyo har idonsa ya gaza, kuma bai taɓa ganina bai tambaye ka ba. Watan jiya na cire kunya na je na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Na sani tun ran nan, Dije. Mai ƙeta ba ya jera abu daidai haka, wanga hannun ɗiyar gida ne." Na ce to me ya hana shi magana? Ya ce ya lissafa ne, idan ka rabu da shi za ka sami wani mai jita, idan ka ƙi ni ina za ka sami wata ƙanwa.

Ga shi duk da haka mu biyun muka rasa ka.

Ina kewarka, Yaya, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Ni ce mai laifi, ka yi mini duk faɗan da ka ga dama, amma ka zo ka yi shi a gabana. Idan tafiya ta gagara, ka aiko wa Bitrus ko da kalma ɗaya ce, don jikinsa ya yi rauni ƙwarai.

Allah ya jiƙan Inna da Baba. Idan kana raye, Allah ya sanyaya zuciyarka ya juyo da kai gida. Idan kuma ka riga mu, Allah ya yafe maka zargin da ka yi wa bawan da bai ci ba bai sha ba, ya yafe mini shirun da na yi.

Ƙanwarka mai jira,
Dije