Na Tafi da Jak Ɗin

Baba,

Na fita da sassafe kada jirgin ruwan ƙarfe bakwai ya bar ni, ban so in tashe ka ba. Akwai kofi a fulas.

Ka yi haƙuri da maganar jiya. Bai kamata in ce a kai motarka wurin 'yan gwangwan ba, alhali na san shekara talatin kuna yawo a cikinta kai da Mama. Tsoro ne ya sa ni, da na tarar da kai kwance a ƙarƙashinta, ba abin da ke riƙe da ita sai wannan tsohon jak mai tsatsa.

Da ka yi fushi ka shige ɗaki, na kira Oddvar bakanike. Ya danna bayanta, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Wannan tsohuwar ai ta fi ni lafiya! Sifirin ɗin baya ne ya gaji, shi ya sa take tafiya kamar agwagwa." Ya ce ko a sa irin nata na asali, ko mai ƙarfi da zai iya da tirelar itacenka. Kai za ka zaɓa. Yana ganin za ta tsallake binciken ranar Talata.

Zai zo ranar Asabar da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, mu yi aikin mu uku. Kafin nan, don Allah kada ka sake shiga ƙarƙashinta. Na san halinka, shi ya sa na tafi da jak ɗin. Kada ka wahalar da kanka nemansa.

'Yarka,
Ingunn